Ɗan Wa, Addinin Wa? Marayu da Fansassun Yara daga Tamanrasset zuwa Zungeru

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Kano ta Damagaram da Agadas da Arlit, ya ratsa Asamaka da In Gezam, ya san cewa kafin ya isa Tamanrasset zai sha rairayi da duwatsu, amma ba zai rabu da Hausa ba. A kasuwannin wannan birni na kudancin Aljeriya, wanda ke nesa da Aljiyas da kusan kilomita 2,000, ana ciniki da Larabci da harshen Buzaye da kuma Hausa. Wannan alaƙa ba ta yau ba ce. Tun kafin mota, ayarin Buzayen Ahaggar kan ɗauki gishirin Amadror su gangara Damargu su musanya shi da gero. Ta irin waɗannan hanyoyi ne kuma aka riƙa haurawa da bayi zuwa arewa, cikinsu har da ƙananan yara.

Wannan maƙala ta shafi waɗannan yara ne. Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce: shin wajibi ne a tarbiyyantar da yaro bisa addinin iyayensa? A Turai an daɗe ana muhawara a kanta. Jean-Jacques Rousseau, a littafinsa Émile na 1762, ya ga ya kamata a jinkirta yi wa yaro zancen addini har sai ya zama saurayi. A 2006 Richard Dawkins na Ingila ya sake tayar da batun, inda ya ce bai dace a laƙaba wa ƙaramin yaro sunan addinin iyayensa ba. A ƙasar Hausa kuwa, idan ka yi wa dattijo wannan tambaya zai dube ka ne da mamaki, domin a wurinsa ɗan Musulmi Musulmi ne, ba a kai ga tambaya ba ma. Amma tarihi ya nuna cewa an yi wannan jayayya a Sahara da ƙasarmu, an yi ta da zafi, kuma an yi ta ne a kan wasu irin yara na musamman: waɗanda yunwa ko bauta ta raba da iyayensu.

Marayun yunwar 1867

Lokacin da Faransawa suka ci Aljiyas a watan Yuli na 1830, yarjejeniyar miƙa wuya ta tanadi cewa ba za a taɓa addinin Musulunci ba. Sojojin da suka mulki ƙasar sun yi ta karya alƙawura iri-iri, har da mai da masallatai coci, amma akasarinsu ba sa son 'yan mishan su shiga ƙauyuka suna wa'azi, don gudun tawaye. Haka aka zauna har shekarun 1866 zuwa 1868, lokacin da fara da fari da kwalara suka haɗu suka jawo yunwar da ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. A tsakiyar wannan bala'i, a 1867, aka naɗa Charles Lavigerie babban bishop na Aljiyas. Ya tattara marayu fiye da 1,700 a gidajen da ya buɗe a Ben Aknoun da Maison-Carrée. Da yawansu sun iso ne a galabaice, ɗaruruwa suka mutu a hannunsa.

Rigima ta tashi ne a kan waɗanda suka rayu. Gwamna MacMahon ya ce idan yunwa ta wuce a mayar da yaran ga danginsu. Lavigerie ya ƙi. Hujjarsa ita ce shi ya tsamo su daga bakin mutuwa lokacin da ba wanda ya kula da su, saboda haka shi ne ubansu yanzu. Ya kuma kare kansa da cewa ba ya yi wa yaro baftisma sai wanda ke gargara, sauran sai sun yi hankali sun nema da bakinsu. Magana ta kai gaban Sarki Napoleon na III a 1868, aka ƙyale shi da marayunsa. A wannan shekara ce ya kafa ƙungiyar fada-fada masu fararen riguna, waɗanda ake kira Pères Blancs, sannan ta mata a 1869. Wasu yaran danginsu sun zo sun karɓe su. Waɗanda suka rage, da suka girma aka aurar da su a junansu, aka gina musu ƙauyuka biyu a kwarin Chélif a shekarun 1870, wato Saint-Cyprien da Sainte-Monique, da nufin su zama irin da za a shuka Kiristanci da shi a cikin Larabawa. Irin bai yaɗu ba. Maƙwabtansu Musulmi na kallonsu a matsayin waɗanda suka bar gida, Turawa 'yan kama-wuri-zauna kuma ba su ɗauke su a matsayin 'yan'uwa ba.

A lura da kalmar da Lavigerie ya jingina da ita: uba. Bai ce iyaye ba su da haƙƙi a kan addinin ɗansu ba. Cewa ya yi shi ne ya gaji wannan haƙƙi. Za mu sake cin karo da wannan hujja a bakin mutane daban-daban.

Maraya mai fansar yara

Charles de Foucauld, wanda ake furta sunansa Fuko, shi kansa maraya ne. An haife shi a Strasbourg a 1858, uwa da uba suka rasu a 1864 bai cika shekara shida ba, kakansa na wajen uwa ya riƙe shi. An tarbiyyantar da shi bisa Katolika, amma yana kimanin shekara 16 ya daina yin imani da komai. Ya yi soja a Aljeriya, sannan daga 1883 zuwa 1884 ya zaga Maroko cikin shigar malamin Yahudawa. Daga baya ya faɗa a wata wasiƙa cewa ganin yadda Musulmi suke ibada ne ya girgiza shi ya sa ya fara tunanin Allah. Sai dai bai musulunta ba. A ƙarshen Oktoba na 1886, a birnin Paris, ya koma addinin da aka raine shi a kai. Masu cewa tarbiyya sarƙa ce da masu cewa tushe ce, kowa na iya kafa hujja da rayuwar wannan mutum.

Bayan an naɗa shi fada a 1901 ya zauna a Beni Abbès, a yammacin Saharar Aljeriya. A can ya tarar ana bauta a fili, ko da yake Faransa ta soke ta a dokance tun 1848. Hafsoshin soja sun kau da kai don kada su ɓata da masu bayi. Fuko ya rubuta wasiƙu masu zafi ga shugabansa, Monsinyo Guérin, yana neman a yi magana, aka ce ya yi haƙuri. Da ya ga haka sai ya fara fansar bayi da kuɗin da danginsa ke aiko masa. A watan Janairu na 1902 ya fanshi saurayi na farko ya sa masa suna Joseph. A cikin wannan shekara ya fanshi wani yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu, ya yi masa baftisma, ya sa masa suna Abd Jesu, wato bawan Yesu. Akwai sanannen hoto na Fuko ɗauke da wannan yaro. Daga baya ya miƙa shi ga Pères Blancs su ci gaba da riƙonsa. Ya kuma fanshi wani matashi mai suna Paul Embarek, wanda ya zama yaron gidansa kuma mai koyon addini, da wani yaro da ya kira Pierre, wanda ya nemi komawa wurin danginsa, Fuko kuma ya sallame shi ya tafi.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan yara shi ne abin dubawa. Wanda ya san gida ya koma gida. Wanda ya yi wayo an bar shi yana koyo ana jiran ya yanke shawara. Wanda aka yi wa baftisma nan take shi ne ɗan ƙaramin da ba shi da mai tsaya masa, ba kuma zai iya cewa a'a ba.

Abin da littattafan ɓangarorin biyu suka ce

Zai ba ɗalibi mamaki ya ji cewa malaman fiƙihu da malaman coci ba su yi nisa da juna ba a kan asalin hukuncin. A wajen Musulmi, akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ma'anarsa ita ce ana haihuwar kowane jariri a kan fiɗira, iyaye ne ke karkatar da shi zuwa Yahudanci ko Nasaranci ko Majusanci. (Masu nazarin harshe da dama na ganin daga wannan kalma ta Majusu ne aka samo Bamaguje da Maguzawa.) Duk da haka, fiƙihu bai ce a ƙwace 'ya'yan Yahudawa da Nasara da ke zaune ƙarƙashin amana ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi daga Aljiyas har Kano, yaro yana bin addinin ubansa ne. A wajen Katolika kuma, Thomas Aquinas a ƙarni na 13 ya yi hukunci cewa ba a yi wa 'ya'yan Yahudawa baftisma ba da yardar iyayensu ba, domin yin haka zalunci ne ga haƙƙin da iyaye suke da shi ta hanyar halitta.

To amma kowane ɓangare ya bar wata ƙofa a buɗe. A cikin Muhtasar na Halil, yaron da aka kamo a yaƙi ba tare da ubansa ba ana hukunta shi da Musuluncin wanda ya kamo shi. A dokar coci kuma, jaririn da ke bakin mutuwa ana iya yi masa baftisma ko iyaye ba su so ba, kuma wannan hukunci yana nan a kundin dokokin 1983. Ta wannan ƙofa ce aka shiga gidan wani Bayahude a Bologna ta Italiya a 1858, shekarar da aka haifi Fuko, aka ɗauke ɗansa Edgardo Mortara mai shekara shida, saboda wata 'yar aiki ta ce ta yi masa baftisma a ɓoye lokacin da yake jinya. Duniya ta yi ca, Paparoma Pius na IX ya ƙi mayar da shi. Yaron ya girma ya zama fada, ya rasu a Beljiyam a 1940.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yana da sauƙi Bahaushe Musulmi ya karanta labarin Abd Jesu ya ji haushin Bature. Amma yaran da ake sayarwa a kasuwannin Sahara, da yawansu an riga an raba su da addinin iyayensu sau ɗaya kafin ɗan mishan ya gan su. Wanda ya kai hari ƙauyensu, da madugun da ya haura da su, da ubangijin da ya saye su ya canza musu suna zuwa Mubarak ko Barka ko Nagode, ba wanda ya tambayi abin da uwayensu ke bauta wa. A ƙasar Hausa ma haka abin yake: bawa yakan musulunta a gidan ubangijinsa, ɗan da ya haifa a gidan, wato bacucane, ya tashi bai san wani addini ba sai na gidan. Ɗan mishan ya zo ne ya yi abin da ya tarar ana yi, sai dai ya juya akalar zuwa nasa ɓangaren, ya kuma kira abin da suna ceto. Mu ma da sunan ceto muka kira namu.

Dorugu da Abbega

Wannan tarihi ya shafi fanninmu kai tsaye, domin nazarin Hausa a rubutun boko ya ginu ne a kan bakin wani fansasshen yaro. An haifi Dorugu a wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance ta ƙasar Damagaram. An kama shi yana yaro, aka yi ta sayar da shi har Kukawa ta Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852 sai suka bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, har Tambutu, sannan suka ƙetare Sahara da shi zuwa Ingila a 1855. Niyyar Barth ita ce ya mayar da su gida, amma suka zauna a wurin ɗan mishan J. F. Schön, aka yi musu baftisma a 1857.

Daga bakin Dorugu ne Schön ya samu mafi yawan abin da ya zuba a nahawunsa na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da Magana Hausa na 1885, inda labarin rayuwar Dorugu yake. Ranar da na fara riƙe wannan littafi a ɗakin karatu lokacin da nake ɗalibi a Turai, abin da ya fara zuwa mini shi ne daɗin Hausar, Hausar Damagaram ta shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Sai daga baya na tuna cewa mai maganar yaro ne da ba a bari ya gama girma a gaban uwarsa ba.

Abbega ya dawo Afirka a 1857, ya koma Musulunci, har ya zama sarkin Lakwaja daga 1896 zuwa 1904. Dorugu ya dawo a 1864, ya yi tafinta ga Turawa daban-daban, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Da Ingilishi suka ci ƙasar, Gwamna Lugga ya yi alƙawari a Sakkwato a watan Maris na 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Likita Mila na Zariya yana cikin 'yan kaɗan da suka samu shiga. Amma sai matsalar Lavigerie ta sake ɓullowa. Sojoji na tare ayari suna ƙwace yara, da yawa ba a san garinsu ba, wasu ko harshensu ba mai ji. Gwamnati ta buɗe gidajen 'yantattun bayi a Zungeru da Barno, tana kuma ba da wasu yaran riƙo ga mishan da ma'aikata da mutanen gari. A 1909 aka kwashe yaran Zungeru aka miƙa su ga gidan da mishan ɗin SUM ya buɗe a Rumaisha a bakin Binuwai, wanda aka sa wa sunan Lucy, matar Karl Kumm. Alƙawarin Sakkwato ya kare 'ya'yan masu gari. Bai kai kan yaron da aka tsinta a ayari ba. Haka kuma, bayan an damƙa wa 'yan mishan asibitocin kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930, ƙorafin da sarakuna suka fi yi shi ne a kan yaran da ke zaune a waɗannan wurare nesa da iyayensu.

Shekara goma sha ɗaya a Tamanrasset

Faransawa sun karya ƙarfin Buzayen Ahaggar a yaƙin Tit a watan Mayu na 1902. A watan Agusta na 1905 Fuko ya sauka a Tamanrasset tare da Paul Embarek, bisa yardar sabon sarkin Ahaggar, Musa ag Amastan, da kuma goyon bayan abokinsa, hafsan soja Laperrine. A lokacin garin bai wuce bukkoki kamar ashirin na manoma ba. Ya zauna a nan har mutuwarsa, kuma a tsawon wannan zama bai mai da Buzu ko ɗaya Kirista ba.

Masu rubuta tarihinsa na coci sukan ce ya canza ne, ya gane cewa aikinsa zama da mutane ne da kyautata musu. Akwai gaskiya a ciki. A farkon 1908, lokacin da ya kwanta ciwo ana tsakiyar fari, Buzaye ne suka yi ta neman nonon akuya suna kawo masa har ya tashi, kuma wanda aka yi wa jinya ba ya kallon masu jinyarsa kamar da. Wani likitan soja ya ruwaito cewa Fuko ya gaya masa bai zo don ya juyar da Buzaye a dare ɗaya ba, ya zo ne ya fahimce su. Ya duƙufa kan harshensu, tare da Ba Hammu, magatakardan Musa, wanda ya zame masa abin da Dorugu ya zame wa Schön, sai dai shi babban mutum ne mai albashi da 'yancin tashi ya tafi. Sakamakon shi ne ƙamus na Buzanci da Faransanci mai shafi fiye da 2,000, wanda aka buga cikin juzu'i huɗu a 1951 da 1952, da tarin waƙoƙi mai layuka kusan 6,000. Har yau masu nazarin harsunan Berber suna dogara da wannan aiki.

Amma ni a ganina akwai wani dalili da ya fi wannan sauƙi. Yaran Tamanrasset suna da iyaye, iyayen kuma suna da sarki, sarkin kuma Faransa na buƙatarsa. Musa ag Amastan almajirin Shehu Bay al-Kunti ne, burinsa kuma ya ƙarfafa Musulunci a Ahaggar. Ba yadda za a yi a ɗauki ɗan wani a nan a sa masa suna Abd Jesu. Iyakar abin da Fuko ya iya shi ne shawara da zumunci. A 1913 ya tafi Faransa da wani saurayi mai suna Uksem don ya ga yadda iyalan Kirista suke zaune, saurayin ya gani, ya dawo gida da addininsa. Kuma Fuko bai taɓa sauke burinsa ba. A wasiƙar da ya rubuta wa marubuci René Bazin a watan Yuli na 1916, ya ce idan Faransa ba ta mai da Musulmin da take mulka Kiristoci ba, wata rana kishin ƙasa zai tashi a kore ta. Hasashen korar ya tabbata a 1962. Maganin da ya ba da shi ne abin da ya sa har yau Aljeriyawa da yawa ba sa iya raba tarihinsa da na mulkin mallaka, duk da cewa coci ta ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi a watan Mayu na 2022.

Wannan tabo ne ake gani a dokokin ƙasar. Sashe na 62 na dokar iyali ta 1984 ya sanya tarbiyyar yaro bisa addinin ubansa cikin ma'anar reno, ko da uwar da ke riƙe da shi ba Musulma ba ce. Da Aljeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sai ta yi bayani a kan sashe na 14, mai maganar 'yancin addini na yaro, cewa za ta fassara shi ne bisa wannan ƙa'ida. A 2006 kuma ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara biyu zuwa biyar ga mai ƙoƙarin janye Musulmi daga addininsa, har da wanda ya yi amfani da makaranta ko asibiti don haka. A Nijeriya, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sashe na 20 na yarjejeniyar 1989 shi ne wanda da zai amfani Abd Jesu: ya ce idan za a ba da yaron da ya rasa iyalinsa riƙo, a kula da addininsa da harshensa da al'adarsa, har ya ambaci kafala ta Musulunci da sunanta.

Lokacin da nake karatu a waje, wani abokin karatuna ya tambaye ni me ya sa nake kai 'yata koyon Alƙur'ani ranar Asabar tun ba ta isa zaɓe ba. Na tambaye shi da wane harshe yake yi wa ɗansa magana, kuma yaushe yaron ya zaɓe shi. Ba a iya renon yaro ba harshe ana jiran ya girma ya zaɓa, gidan da ba a ibada kuma shi ma wani abu yake koyarwa. Har yanzu ina kan wannan ra'ayi, ina kuma ganin tarihin da muka bi ya ƙarfafa shi: duk inda aka cire hannun iyaye, ba 'yanci ne ya maye gurbin ba, hannun wani mai ƙarfi ne. Amma na san kwatancen nawa yana ɗingishi. Mutum na iya riƙe harshe biyu ko uku, kuma wanda ya bar Hausa ya koma Turanci ba a raba shi da gado ko da matarsa. Haƙƙin uba a kan ɗan shekara huɗu daban yake da ikonsa a kan ɗan shekara arba'in. Abbega ya iya komawa Musulunci, Fuko ya iya fita ya dawo, saboda ba wanda ya tsare musu ƙofa da takobi.

Hanyar kuma ba ta daina cin yara ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga cikinsu yara ne, akasari daga yankin Kance, ƙasar su Dorugu, suna kan hanyar Tamanrasset neman abinci.

A 1916 yaƙin duniya ya iso Sahara. Sanusawa sun kori Italiyawa daga Fezzan, Kawsan yana shirin yi wa Agadas ƙawanya. Fuko ya gina 'yar ganuwa ta ƙasa a Tamanrasset don mutanen gari su fake, sojoji kuma suka ajiye bindigogi a ciki. Da yammacin 1 ga Disamba wasu mahara suka zo, suka sa wani mutumin da ya sani ya kira shi a bakin ƙofa, suka jawo shi waje suka ɗaure, suka bar wani yaro ɗan shekara 15 yana gadinsa. Da sojoji biyu masu raƙuma suka ɓullo ba zato, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Paul Embarek, wanda maharan suka zaunar a gefe, shi ne ya ga abin da idonsa. Washegari shi da manoman garin, Musulmi, suka binne Fuko kusa da sojojin Musulmi da aka kashe tare da shi. Daga nan Paul ya kama hanya a ƙasa zuwa barikin Motylinski, tafiyar kimanin kilomita 50, ya kai labari.